Sharhi: Tsakanin Mai Bayarwa da Mai Karɓa, Yadda Bankunan Abinci Ke Aiki da Inda Najeriya Ta Tsaya

Cikin kwana huɗu kacal na watan Disamban 2024, mutum 67 suka rasa rayukansu a wurare uku na ƙasar nan, dukkansu a wajen jiran abin da aka yi alƙawarin rabawa kyauta. Ranar 18 ga watan, yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara da aka shirya a harabar wata makaranta a Ibadan. Ranar 21 ga watan kuma, mutum 22 suka mutu a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafa, wasu 10 suka mutu a harabar wani coci da ke Maitama a Abuja.

Ba a watan aka fara ba. A Fabrairun shekarar, mutum bakwai sun mutu a Yaba ta Legas lokacin da Hukumar Kwastam ke sayar da shinkafar da ta kama a kan Naira 10,000 kowane buhu mai kilo 25. A watan Maris ɗalibai mata biyu suka mutu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon tallafin shinkafa. Kafin nan, a watan Mayun 2022, mutum 31 sun mutu a Fatakwal a wani taron rabon kayan abinci da wani coci ya shirya.

A duk waɗannan wurare abincin yana nan a ajiye, masu bayarwa sun zo da niyyarsu, mabuƙata kuma sun hallara tun kafin gari ya waye. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai ɗauki buhu daga hannun mai bayarwa ya kai shi tukunyar mai buƙata ba tare da an tara dubban mutane a bakin ƙofa ɗaya ba. Wannan aiki na tsakiya shi ne sana'ar cibiyoyin da ake kira bankunan abinci, kuma ya kamata a san yadda suke gudanar da shi kafin a yanke hukunci kan ko za su yi wa Najeriya amfani.

Sunan ya samo asali ne daga birnin Phoenix na Jihar Arizona a Amurka, inda wani mai aikin sa-kai, John van Hengel, ya kafa irinsa na farko a 1967 da taimakon cocin St. Mary's. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya haɗu da wata uwa mai 'ya'ya da yawa da ke tsinto abinci mai kyau daga kwandunan sharar manyan kantuna, ita ce kuma ta ba da shawarar a samar da wurin da mai rarar abinci zai ajiye, mai buƙata ya zo ya cira, kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. Daga nan tsarin ya bazu. A yau ƙungiyar Feeding America tana da bankuna kusan 200 da ke ciyar da dubban ƙananan wuraren rabo, Faransa ta buɗe nata na farko a 1984, a 2006 kuma aka kafa Global FoodBanking Network domin tallafa wa irin waɗannan cibiyoyi a ƙasashe masu tasowa.

Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka wurin dafa abinci ne ko zauren da ake layi. A zahiri babban sito ne, mai sikeli da littafin shiga da fita da motocin dako. Galibin bankunan ba sa miƙa wa mabuƙaci kaya hannu da hannu. Su dillalai ne: suna tarawa da yawa, su tantance, su rarraba ga ƙananan ƙungiyoyi, makarantu, gidajen marayu da wuraren ibada, waɗanda su ne suka san mutanen unguwarsu.

A ƙasashen da tsarin ya girma, mafi yawan kayan suna fitowa ne daga abin da kasuwa ta ƙi, alhali bai lalace ba. Kamfani ya buga takardar jikin kwali da kuskure, ko gwangwani ya lotsa a hanya, ko kaya sun kusa cika wa'adin da aka rubuta a jikinsu, ko manomi ya girbe fiye da abin da mai saye ya yi oda. Zubar da irin wannan kaya ma kuɗi yake ci, saboda haka kamfani yakan fi son a zo a kwashe. Sai kuma gudummawar jama'a ta busassun kaya, da abin da gwamnati ke sayowa daga manoma ta miƙa, da abin da bankin da kansa ke saya da kuɗin da aka ba shi domin cike giɓin abin da ba kasafai ake kyautarsa ba, kamar mai da madara da wake.

Doka ce ta buɗe wannan ƙofa. A 1996 Amurka ta yi dokar Bill Emerson, wadda ta kare duk wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a idan wani ya ci ya sami matsala, matuƙar babu ganganci ko mugun sakaci. A 2016 Faransa ta wuce nan, ta haramta wa manyan kantuna lalata abincin da bai saidu ba matuƙar yana ciyuwa, ta kuma wajabta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Najeriya ba ta da doka ta musamman irin ta farkon. Manajan kamfanin da ke da katan dubu na kayan da saura wata biyu su cika wa'adi yana da dalilin da zai sa ya gwammace ya ƙona su, domin idan yaro ɗaya ya yi gudawa bayan ya ci, sunan kamfaninsa ne zai shiga jarida. Ga kuma ruɗanin da ke tsakanin ranar da ke nuna kaya sun fara rage armashi da ranar da ke nuna sun zama haɗari, abin da Hukumar NAFDAC ce kaɗai za ta iya fayyace shi ta yadda mai bayarwa zai sami natsuwa.

Sai dai ko an yi dokar gobe, akwai wani bambanci da ya fi ta girma. Tsarin Amurka da Turai ya ginu ne a kan manyan kantuna da masana'antu, mu kuwa akasarin abincinmu yana bi ne ta Dawanau da Mile 12 da Bodija da kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako. Rararmu ba a cikin kwali take ba. Tana cikin kwandon tumatir da ya taso daga Kadawa ko Danja ya kwana uku a kan hanyar Legas, na ƙasa ya murƙushe saboda nauyin na sama. Tana cikin lemo da mangwaron Binuwai da ke zuba a gindin bishiya lokacin da suka yi yawa, da albasar Aliero da ke ruɓewa a ɗakin ajiya, da doyar da ta tsira kafin a kai ta kasuwa. Wannan rara ce mai gudu da lokaci. Wanda zai cece ta yana buƙatar mota a ranar, da ɗakin sanyi, da wutar da za ta riƙe ɗakin, ko kuma hanyar busarwa kamar yadda manoma suka daɗe suna yin kauɗa. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma mai kyautar tumatir ba ya haɗawa da kuɗin dizal.

Shi ya sa ƙananan ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya kafa a wasu kasuwanni, da robobin ɗaukar tumatir da suka fara maye gurbin kwando, suna da alaƙa da batun ciyar da mabuƙata fiye da yadda ake zato. Abin da aka hana shi ruɓewa ne kawai za a iya bayarwa.

Misalin da ya fi fitowa fili a ƙasar nan shi ne Lagos Food Bank Initiative, wanda lauya Michael Sunbola ya kafa, ya kuma fara aiki a 2016. Yana karɓar kaya daga kamfanonin sarrafa abinci da ɗaiɗaikun mutane, yana tura masu aikin sa-kai gonaki su kwaso abin da ya yi saura bayan girbi, sannan yana rabawa ta hanyoyi daban-daban: ciyar da yara a makarantu masu ƙaramin kuɗi na unguwannin talakawa, kula da mata masu juna biyu da yaran da ke fama da tamowa, ba wa iyalai kayan abinci na ɗan lokaci, da koya wa mata noman bayan gida da kiwon kaji. A Ghana ma akwai Food for All Africa, wadda wani mai sana'ar girki, Elijah Amoo Addo, ya kafa a Accra. Abin lura shi ne dukkansu sun tsiro ne a biranen da masana'antu da hedikwatocin kamfanoni suke. Yunwar da ta fi tsanani kuwa tana Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda babu kamfanonin da za a roƙa, hanyar ma wani lokaci ba ta biyuwa.

Idan kaya suka iso sito, a nan ake gane cibiyar gaskiya da ta hoto. Ana auna kowane kaya a rubuta wanda ya kawo da ranar da ya zo. Ana ware abin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya jiƙe. Ana ɗora buhuna a kan katako nesa da bango saboda danshi da ɓera, ana kuma fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa kafin wanda ya zo daga baya. Masara da gyaɗa suna buƙatar kulawa ta daban, domin idan ba su bushe sosai ba sukan yi fumfunar da ke haifar da guba mai illa ga hanta. Wake kuma ƙwaro ne abokin gabarsa, kuma an san yadda wasu 'yan kasuwa ke zuba masa maganin ƙwari mai haɗari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhun nan mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, wanda manoman Arewa da na Nijar suka sani da sunan PICS, ya isa ya raba sito da wannan haɗari. Mabuƙaci ba shi da zaɓin mayar da abin da aka ba shi, saboda haka nauyin tantancewar gaba ɗaya yana kan mai sito.

Sito kuma amana ce da jama'a ke sa wa ido. A watan Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, mutane sun fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Ilorin da Kaduna da Kalaba da wasu garuruwa, suka kwashe kayan tallafin korona, waɗanda haɗakar 'yan kasuwa ta CACOVID ta samar da da yawa daga cikinsu. Ƙungiyar Gwamnoni ta musanta cewa ɓoyewa aka yi, ta ce wasu kayan ana jiran kammala karɓarsu ne, wasu kuma an tanade su ne saboda yiwuwar annobar ta dawo. Ko da bayanin gaskiya ne, ya zo a makare. Da a ce kowane mako ana sanar da abin da ya shiga da abin da ya fita da inda aka kai, da jita-jitar ba ta sami wurin zama ba. Cibiyar da ke neman amincewar kamfanoni da jama'a dole littafinta ya kasance a buɗe, kuma wannan ne babban abin da ya raba bankin abinci da ɗakin ajiyar ɗan siyasa.

Ɓangaren rabo shi ne mafi wuya, shi ne kuma inda muke asarar rayuka. A Birtaniya, ƙungiyar Trussell ba ta kiran taro. Likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko mai ba da shawara kan bashi shi ne yake ba mutum takardar shaida, ya je cibiya mafi kusa da shi ya karɓi abincin kwana uku. A shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2024, cibiyoyinta sun raba ƙunshi sama da miliyan 3, ba tare da an ji labarin turmutsitsi ba. Sirrin ba wani abu ba ne illa an san sunan mai zuwa kafin ya zo, wuraren karɓa suna da yawa kuma ƙanana ne, sannan mutum ya san idan bai samu yau ba ƙofar tana nan a buɗe mako mai zuwa. Wanda ya san rabon sau ɗaya ne a shekara, kuma buhunan ba za su kai ga na baya ba, shi ne yake kwana a bakin ƙofa ya kuma ture na gabansa.

Akwai wani lahani na rabon fili da ba a cika magana a kansa ba. Layi yana tace mutane ne bisa ƙarfi. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwar awa shida, da mai jego, da makaho, da magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin sadaka, duk ba sa zuwa. Wanda ya zo ya samu sau da yawa shi ne matashin da ke iya haura katanga, wani lokaci ma ya sayar da buhun a bakin titi kafin ya isa gida.

To wa zai rubuta sunayen? Gwamnatin Tarayya tana da Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, amma a watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku kan sahihancinta, ta ce jihohi su tsara nasu. Rajistar jiha kuwa tana iya komawa jerin sunayen 'yan jam'iyya. Mai unguwa da limami da fasto sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba, sai dai su ma mutane ne masu dangi da surukai. Hanyar da ƙungiyoyin agaji suka fi samun nasara da ita ita ce haɗa idanu da yawa: kwamitin unguwa da ke da mata a ciki, karanta sunaye a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya yi, da amfani da ma'aunin da ba ya karɓar roƙo, kamar tsinken awon damtsen yaro da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ke amfani da shi wajen gano tamowa.

A nan ne Arewa take da abin da Legas ba ta da shi, ko da yake ba a kiransa banki. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da dami ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan ban ruwa ya yi da wahalarsa. Ana fitar da zakkar fidda-kai da hatsi a ƙarshen azumi. Coci-coci suna tara amfanin gona a bikin godiyar kaka. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano da Jigawa suna da hukumomi ko kwamitocin zakka da ke tara hatsi ta hannun hakimai da dagatai. Wannan hanyar samo abinci ce da ba ta jiran kamfani, kuma tana zuwa da busasshen hatsi mai jure ajiya. Rauninta shi ne lokaci. Ana tarawa da kaka a raba da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha kuma maƙwabci ma yana iya taimakawa, sai a wayi gari a watan Yuli da Agusta, sa'ar da rumbuna suka ƙare sabon amfani bai nuna ba, babu abin da ya rage. Ko ya halatta hukuma ta jinkirta wani kaso na zakka zuwa wannan lokaci tambaya ce ta malamai, amma sadaka da waƙafi da kuɗin gwamnati ba su da wannan takura. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana gwada bankunan hatsi na ƙauye, inda ake saye da kaka a sayar da rahusa ko a ranta da damina. Da yawa sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba da kwamitocin da suka ci amana, waɗanda suka rayu kuwa galibi su ne masu tsauraran ƙa'idoji da lissafi a fili.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa bankin abinci kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yunin 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Rahoton Cadre Harmonisé, wanda gwamnati ke fitarwa tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi hasashen mutum miliyan 26.5 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a daminar 2024, miliyan 33.1 a ta 2025, kusan miliyan 35 a ta 2026. A Fabrairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. Adadin yana da girma a kunne, amma idan aka raba shi ga mutum miliyan 26.5, kowa zai tashi da kilo ɗaya da rabi da 'yan kai, abin da bai kai tiya guda ba. Buhunan shinkafa miliyan ɗaya masu kilo 10 da Gidauniyar Aliko Dangote ta raba a azumin shekarar sun kama tan 10,000 ke nan. Idan rumbun gwamnati da aljihun attajiri mafi arziƙi a Afirka sun tsaya a nan, babu ƙungiyar sa-kai da za ta cike ramin. Ita kanta Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yulin 2025 cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas. Maganin wannan yana ga tsaron da zai mayar da manomi gonarsa da kuma kuɗin shigar da zai sa magidanci ya sayi abincinsa da kansa.

Abin da bankin abinci zai iya yi ƙarami ne a kan wannan, amma a iya ganinmu ya cancanci a yi shi da gaske. Bayan mace-macen Disamban 2024, rundunar 'yan sanda ta umarci masu shirya rabo su riƙa sanar da ita tukuna, wasu jihohi kuma suka gindaya sharuɗɗan taro. Wannan zai rage turereniya, sai dai bai taɓa tushen abin ba, domin har yanzu mai kuɗin da ke son ciyar da mutum dubu biyar ba shi da inda zai kai buhunansa ya tafi da tabbacin za su isa. Da akwai sito amintacce a kowace babbar ƙaramar hukuma, mai rajistar gidaje da ƙananan wuraren rabo a unguwanni, da ba sai ya kira taro ba.

Matsalar ita ce masu bayarwa sun fi son sayen abin da za a ɗauki hotonsa. Buhu mai ɗauke da suna yana shiga labarai, kuɗin hayar sito da albashin mai lissafi da man mota da abin da ake tatsa a shingayen hanya kuwa ba sa shiga. Gwamnatocin jihohin da ke ware maƙudan kuɗi domin ciyarwar azumi ko rabon Kirsimeti za su iya karkatar da wani kaso zuwa waɗannan abubuwa, su ba da aron ɗakunan ajiyar da ke zaune babu komai a ciki, su bar gudanarwar a hannun kwamitin da ba ya sauyawa idan gwamnati ta sauya. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma tana da aikin dokar kare mai bayarwa, wadda ba ta buƙatar ko kwabo daga kasafin kuɗi.